Daga Ƙasa Ƙarfi ke Tashi: Kimiyyar Saukar Sanda a Wasan Ƙwallon Lambu

A unguwar Cikaji da ke Sabon Garin Zariya, kamar sauran unguwannin da ake sayar da itacen girki, akwai mutanen da sana'arsu ita ce faskare. Duk wanda ya lura da aikinsu zai ga wani abu mai ɗaure kai. Sau da yawa za a tarar da tsamurarren dattijo yana sara kamar ba ya so, amma gatarinsa na sauka sai gungume ya tsage, alhali ga saurayi majiyi ƙarfi a gefensa yana nishi yana zuba gumi, gatarin sai cijewa yake yi a cikin itacen. Idan aka tambayi mutane dalili sukan ce ai sabo ne, ko kuma dattijon ya san makama. Wannan gaskiya ne, to amma mece ce makamar? Amsar da ta fi gamsarwa ta fito ne daga masu nazarin wani wasa da galibin mutanen Cikaji ba su taɓa bugawa ba, ko da yake akwai filinsa a Zariya ba nisa da su, wato ƙwallon lambu, wanda Turawa ke kira golf.

Wasan ya yi ƙarfi ne a ƙasar Sikotilan, inda tun a 1457, zamanin Sarki James na II, aka kafa dokar hana shi saboda yana ɗauke hankalin samari daga koyon harbin baka. Ƙa'idarsa ba wuya. Ana bugun wata 'yar ƙwallo da sanda mai kai daga wuri mai nisa har ta faɗa rami mai faɗin santimita 10.8, a bi ramuka 18 ɗaya bayan ɗaya, wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ne ya ci. Nijeriya ba baƙuwa ba ce a wasan, domin akwai filayensa a Kaduna da Kano da Jos da Abuja, kuma a Legas ne Vijay Singh, mutumin ƙasar Fiji, ya lashe gasar Nijeriya a 1988, tun duniya ba ta san shi ba. Da yake wasa ne na masu hannu da shuni, an zuba dukiya wajen binciken yadda jiki ke lilo da sandar, da kyamarori da ma'aunai da kwamfuta, irin kulawar da gatari da fartanya da taɓarya ba su samu ba. Sa'ar da aka yi ita ce jikin ɗan Adam ɗaya ne, dokokin motsi ma ɗaya ne, saboda haka abin da aka gano a can ya shafi mai faskare da manomi da ɗalibin da ke jifan mashi a filin makaranta.

Rubu'in sakan

Bugun da ya fi nisa shi ne na farko, wanda ake yi da sanda mafi tsawo. Lilon ya kasu gida biyu. Akwai ɗagawa, lokacin da ɗan wasa ke juya jikinsa baya har sandar ta hau bayan kafaɗarsa, wannan yakan ɗauki kimanin kashi uku cikin huɗu na sakan. Sa'an nan akwai saukarwa, daga can sama zuwa kan ƙwallo, wadda a wurin gwanaye ba ta wuce kimanin rubu'in sakan. A cikin wannan ɗan taƙin ne kan sandar, mai nauyin kimanin giram 200, ke tashi daga kusan tsaye cik zuwa gudun mita 50 a sakan, watau kilomita 180 a sa'a. Ƙwallon kuwa, wadda doka ta hana nauyinta ya wuce giram 45.93, takan bar wurin da gudun kimanin mita 75 a sakan. Haɗuwar sanda da ƙwallo ba ta wuce rabin kashi ɗaya cikin dubu na sakan.

Ɗalibin da ya karanta dokar Newton ta biyu zai iya fitar da ƙarfin bugun da kansa: a ninka nauyi da canjin gudu, a raba da lokaci. Kilogiram 0.046 sau 75, a raba da 0.0005, ya ba da niyutan 6,900. Wannan daidai yake da a ɗora wa 'yar ƙwallon buhu bakwai na masara, kowane mai kilo 100, na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba.

Akwai wani lissafin da ya fi wannan muhimmanci. Kuzarin motsi shi ne rabin nauyi sau gudu sau gudu. Ga kan sandar, rabin 0.2 sau 50 sau 50 ya ba da jul 250. Idan aka raba da rubu'in sakan za a sami wat 1,000, alhali abin da masana ke kira ƙarfin doki ɗaya wat 746 ne. Kuma wannan na kan sandar ne kaɗai, ba a lissafa kuzarin da ya tafi wajen motsa jikin sandar da hannuwa da gangar jiki ba. Irin wannan lissafi ne ya sa Alastair Cochran da John Stobbs, waɗanda suka buga sakamakon wani dogon bincike a Ingila a 1968, da kuma Theodore Jorgensen na Jami'ar Nebraska a Amurka, wanda littafinsa kan kimiyyar wasan ya fito a 1994, suka nuna cewa tsokar hannuwa ba ta isa ta ba da wannan ƙarfi ita kaɗai ba. Dole ne manyan tsokoki na cinyoyi da mazaunai da ciki da baya su shiga aikin. Tambayar da ta rage ita ce ta wace hanya ƙarfin cinya ke isa kan sandar da ke nesa da ita haka.

Sarƙar motsi

Abin yana farawa ne daga ƙasa. Dokar Newton ta uku, wadda ya bayyana a 1687, ta ce duk abin da ya tura wani, wancan ma yana tura shi da ƙarfi daidai wa daida. Mutum ba ya iya juya jikinsa da ƙarfi sai ya sami abin dogarawa, kuma duk wanda ya taɓa ƙoƙarin jifa a kan siminti mai santsin ruwan sabulu ya san haka. A wurin mai bugu da dama, ƙafar hagu ce ke gaba, wajen da ake son ƙwallo ta nufa. Ma'aunan da ake sa wa 'yan wasa a ƙarƙashin ƙafa sun nuna cewa gwanaye sukan fara danna ƙafar gaba a ƙasa tun sandar ba ta gama hawa ba. Ƙasa ta maido musu da turin, ƙugu ya ɗan gusa gaba ya fara juyawa. Na wani ɗan lokaci ƙasan jiki yana tafiya gaba, saman jiki yana kan komawa baya.

Daga nan sai gaɓoɓin su bi juna a jere. Ƙugu ne ke fara kai ƙarshen gudunsa, sai ƙirji, sai hannu, sai sanda a ƙarshe. Wani awo da Phil Cheetham da abokan aikinsa suka yi wa ƙwararrun 'yan wasa, wanda aka buga a 2008, ya nuna ƙugu yana juyi kusan digiri 500 a sakan, ƙirji fiye da 700, hannu kusan 1,000, sanda kuwa fiye da 2,000. Kowace gaɓa ta fi wadda ta gabace ta gudu, kuma kowace tana kai ƙololuwarta ne bayan wadda ta gabace ta. Tun a 1957 shahararren ɗan wasan nan Ben Hogan ya rubuta a littafinsa cewa ƙugu ne ke fara saukarwa. Shi ji ya yi a jikinsa, na'urori kuma suka zo daga baya suka gaskata shi.

Abin da ya fi ba ɗalibai mamaki shi ne kowace gaɓa tana rage gudu ne a daidai lokacin da ta gaba ke ƙara nata. Kafin sanda ta taɓa ƙwallo, ƙugu ya riga ya lafa, ƙirji ma haka, har hannun kansa ya fara sassautawa. Wanda bai sani ba zai ɗauka asara ce, alhali ta nan ne ribar ke fitowa. A dubi bulala. Mai ita yakan wurga hannu gaba ne ya tsaya, motsin ya bi jikin bulalar daga wuri mai kauri zuwa wuri siriri, kuma da yake nauyin da ke ɗauke da kuzarin yana ta raguwa, gudun sai ya yi ta ƙaruwa, har bakin bulalar ya zarce gudun sauti, wanda ya kai kimanin mita 340 a sakan. Ƙarar nan "tas" da ake ji ita ce shaidar zarcewar. Jikin mutum bai kai bulala laushi ba, amma tsarinsa ya yi kama: ƙugu da gangar jiki masu nauyi ne, hannu bai kai su ba, sanda ta fi kowa sauƙi.

A nan akwai wani tarko da masu koyarwa kan faɗa. Jin cewa ƙugu yana rage gudu, sai su umurci ɗalibi ya taka wa ƙugunsa birki da gangan. Carol Putnam, wata masaniyar motsin jiki a Kanada, ta nuna a wani nazari na 1993 kan jifa da bugu cewa gaɓoɓin suna tasiri a kan juna ne ta fuska biyu. Gaɓar ciki tana jan ta waje, ita kuma ta wajen idan ta fara fita da gudu tana jan ta cikin baya, ta rage mata sauri. Watau lafawar nan a galibi alama ce ta cewa kuzari ya wuce gaba. Wanda ya tsayar da jikinsa da ƙarfin tsiya zai rasa gudun, ya kuma jawo wa kansa ciwo.

Gaɓa ta ƙarshe ita ce wuyan hannu, kuma a nan ne Cochran da Stobbs suka kawo misalin da har yau ake koyarwa, na lilo mai gaɓa biyu. Hannuwa su ne sashen sama, sanda ce sashen ƙasa, wuyan hannu ne mahaɗarsu. A farkon saukarwa gwani yakan bar sandar a naɗe, tsakaninta da hannunsa akwai kusurwa kusan digiri 90. Dalili shi ne abu yana saurin juyawa idan nauyinsa na kusa da tsakiyar juyin. Ana iya gwada wannan a kan kujerar ofis mai juyawa: mutum ya riƙe bulo ɗaya a kowane hannu, ya miƙe hannuwa a juya shi, sa'an nan ya jawo su ƙirjinsa, nan take zai ji gudun ya ƙaru. Idan sandar ta zauna a naɗe, jiki da hannuwa za su tara gudu cikin sauƙi. Can kusa da ƙasa sai ta buɗe, kuma yawancin buɗewar juyin ne da kansa ke yin ta, kamar yadda dutse ke miƙe igiyar majajjawar korar tsuntsaye. Aikin wuyan hannu shi ne kada ya yi gaggawa, kada kuma ya ƙage.

Saura batun miƙewar tsoka. A ƙarshen ɗagawa kafaɗun gwani sukan juya kimanin digiri 90, ƙugu kuwa kimanin rabin haka. Wani mai koyarwa a Amurka, Jim McLean, ya jawo hankali ga wannan tazara a 1992. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa ƙarin tazarar da ke faruwa a farkon saukarwa, sa'ad da ƙugu ya yi gaba ya bar kafaɗu a baya, yana da muhimmanci ƙwarai. Tsokar da aka miƙe nan take kafin ta tsuke ta fi ba da ƙarfi, kamar danƙon harbin tsuntsu. Shi ya sa mai son tsalle yakan ɗan durƙusa tukuna.

Mai karatu zai iya neman wannan jeri a ko'ina. Ɗan dambe yakan kafa ƙafa, ya juya ƙugu, kafaɗa ta biyo, hannun da aka ɗaure shi ne ke zuwa a ƙarshe. Mai bugun ƙwallon ƙafa cinyarsa ce ke fara tafiya, ƙwauri yana naɗe a baya, sai cinyar ta lafa ƙwaurin ya fyaɗo. Mace mai daka takan sassauta gwiwa ta saki nauyin jikinta tare da taɓarya, abin da ke ba ta damar yin daka na tsawon lokaci ba tare da damatsanta sun mutu ba. Shi ma mai faskare haka ne, illa dai nasa motsin daga sama zuwa ƙasa yake: gwiwa da ƙugu su fara sauka, baya ya biyo, hannuwa su biyo, kan gatari ya zo daga ƙarshe. Har ma akwai wata dabarar da ɗan ƙwallon lambu ba shi da ita, domin mai faskare yakan ɗaga gatari da hannu ɗaya kusa da kan, inda ɗagawar ta fi sauƙi, sa'an nan ya zame hannun zuwa gindin ƙota yayin saukarwa. Ko a ƙwallon dawaki, wasan da Sarkin Katsina Usman Nagogo ya yi suna a kansa, mahayi yakan tashi ya taka likkafa idan zai yi babban bugu, don ita ce ƙasarsa.

Yadda ake gyara

Kuskuren masu koyo kusan iri ɗaya ne a duk duniya. Ganin ƙwallo a ƙasa, zuciya sai ta ce a kai mata duka da hannu. Kafaɗu da hannuwa su riga ƙugu tashi, wuyan hannu ya saki sandar tun tana sama, gudun ya ƙare a iska kafin a iso wurin da ake bukatarsa. Bugu da ƙari sandar takan zo a karkace ta yanki ƙwallon, ita kuma ta lanƙwasa ta tafi daji. Idan malami ya ga haka ya ce "ƙara ƙarfi", ya ƙara dagula lamarin ke nan, domin ɗalibi zai ƙara ƙarfin ne a gaɓar da ta riga ta yi azarɓaɓi.

Kuma ba a gyara abin a tsakiyar lilo. Kafin mutum ya ga abu ya mayar da martani yakan ɗauki kimanin kashi ɗaya cikin biyar na sakan, kusan tsawon saukarwar gaba ɗaya. Cochran da Stobbs sun gwada kashe wa 'yan wasa fitila suna cikin lilo, suka tarar cewa da zarar an fara saukarwa ba mai iya fasawa. Saboda haka jerin sai an dasa shi a jiki ta hanyar maimaici, kuma hanyoyin da suka fi amfani su ne waɗanda ke tilasta wa jiki bin tsarin ba sai an yi dogon bayani ba.

Ɗaya ita ce ta taku. Mai koyo ya haɗe ƙafafu, ya ɗaga sanda, kafin ta gama hawa ya taka ƙafar gaba, sa'an nan ya sauke. Duk wanda ya iya jifan mangwaro a kan bishiya ya riga ya san wannan motsi, tunatar da jikinsa kawai ake yi. Wata kuma ita ce ta igiya. A sami igiya mai kauri tsawon mita ɗaya, a ƙulle bakinta, a yi lilo da ita kamar sanda. Igiya ba ta karɓar turi, sai ja, don haka wanda ya yi gaggawa da hannu za ta naɗe masa ko ta zane shi a baya, wanda kuwa ya jira ta kwanta a kafaɗarsa ya fara da ƙugu zai ji ta miƙe da kanta. Akwai kuma ta kunne, wadda ba ta bukatar komai sai tsumagiya ko karan dawa. A yi lilo a saurari inda kukan iska ya fi ƙarfi. Idan a sama ne kusa da kafaɗar baya, an saki da wuri. Ana so a ji shi a ƙasa, daidai wurin ƙwallo ko gaba kaɗan. Ya kamata a sani cewa gwanaye ma sun bambanta a tsayuwa da riƙo da yadda suke ɗaga sanda, saboda haka ba surar wani za a kwaikwaya ba, jerin ne abin nema.

Gadon baya

Batun bai tsaya ga nisan bugu ba. Ciwon ƙasan baya yana cikin raunukan da suka fi damun masu wannan wasa. Ƙasusuwa biyar na ƙasan gadon baya an gina su ne don sunkuyo da miƙewa, juyin da suke iya yi gaba ɗayansu bai wuce digiri 10 zuwa 15 ba. Wuraren da aka tanada don juyi su ne mahaɗar cinya da ƙugu, da kuma sashen baya da ke daidai haƙarƙari. Idan waɗannan sun ƙage, ko kuwa mutum ya bar ƙugunsa a tsaye ya murɗa saman jiki da ƙarfi, ƙasan baya ne ke biyan bashin. Wani bincike da aka yi a Amurka a 1990 ya kiyasta cewa matsin da ke sauka a wurin yayin lilo yakan kai ninki takwas na nauyin jiki. Tiger Woods, wanda ya fi kowa suna a wasan a zamaninsa, an yi masa aiki a baya sau da dama, har a 2017 aka haɗe masa ƙasusuwa biyu, kafin ya dawo ya ci gasar Masters a 2019. Shi yana da likitocin da za su yi masa wannan. Manomin Bomo ko Basawa da ya kwana biyu bai iya sunkuyawa ba a tsakiyar damina, ciyawa ba za ta jira shi ba. Wannan ne ya sa bai dace a matsa wa yara su ƙara tazarar kafaɗa da ƙugu fiye da abin da jikinsu ke iyawa ba, kuma ya kamata a ɗumama jiki a motsa ƙugu da kafaɗu kafin kowane wasan jifa ko bugu.

Gwaji a filin makaranta

Nazarin motsin jiki fanni ne da ake karantawa a jami'a, har da Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, inda ake horar da malaman wasanni da kiwon lafiya, amma malamin sakandare zai iya nuna tushensa da ƙwallon roba da tef na awo. Ɗalibi ya zauna ya jingina bayansa da bango, ya dafe gwiwar hannunsa, ya yi jifa da wuyan hannu kawai, a auna. Sa'an nan ya yi da hannu duka, bayansa na manne da bango. Sai ya durƙusa a kan gwiwoyi ya yi, ƙirjinsa yana juyawa. Sai ya miƙe tsaye ƙafafu a kafe. Daga ƙarshe ya yi da taku. A maimaita kowane sau biyar, a fitar da matsakaici, a zana jadawali a allo, ɗalibai su ga abin da kowace gaɓa ta ƙara. Malamin lissafi da na wasanni za su iya haɗa ajinsu a kan wannan.

Ganin jerin da ido kuwa a da sai manyan ɗakunan bincike. A 1938 Harold Edgerton na cibiyar MIT a Amurka ya ɗauki hoton ɗan wasa Bobby Jones da fitila mai walƙiya a jere, aka ga sandar a wurare da yawa cikin hoto guda. Yanzu wayoyin hannu da dama suna ɗaukar hoto 240 a sakan, watau saukarwar rubu'in sakan za ta ba da hotuna 60. A ɗaura wa ɗalibi farin ƙyalle a ƙugu, a sa masa wani a kafaɗa, a kafa wayar a gabansa a kan abin da ba ya motsi, nesa da inda sanda za ta kai, sa'an nan a bi hotunan ɗaya bayan ɗaya a rubuta lambar hoton da ƙyallen ƙugu ya fara juyowa da lambar wanda na kafaɗa ya biyo shi.